Inda Samfurana Suke Kwana

Shagona taku ashirin ne daga ƙofar kotu,
a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarƙashin benen mai sayar da tayil.
Shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane takardu,
har yatsuna sun san hanya ko ido a rufe.

Ba daga farar takarda nake farawa ba,
wa yake da wannan lokacin?
Samfura gare ni, yankakku tun tuni:
na rantsuwar sauya suna, na hayar gida,
na cinikin fili mai gurbin shaidu huɗu,
da na neman aiki, wanda ya fi kowa shan wahala.
In buɗe, in zuba wa mutum sunansa,
kamar telan da ya gama yanka, ɗinki kaɗai ya rage.

Ran Talata kwamfutar ta yi tari, ta ɗauke.
Na rungume ta zuwa Fam Santa, wurin Nafi'u,
ya wanke mata ciki, ya ce ta koma sabuwa fil.
Laraba da hantsi Hajiya Kubura ta zo da ɗan hayarta,
na danna inda samfurana suka saba yin sahu.
Wayam.
Ko ƙura ba su bar mini ba.

Na kira shi: "Ina ka kai mini kayana?"
Ya ce, "Baba Tasi'u, a ina kake ajiye su?"
Na buɗe baki, na mayar na rufe.
Ni dai in ce adana, ita kuma ta adana,
ban taɓa bin sawunta na ga inda take kai su ba.
Ashe can wani lungu ne,
jaka a cikin jaka a cikin ɓoyayyar jaka,
ya fi lungunan Yakasai murɗiya,
inda baƙo kan dawo ƙofar da ya baro.

Hajiya ta duba agogo sau biyu,
ta tsallaka titi, shagon Laminde.
Ina kallo kuɗin cefanena ya bi bayanta.

Allah ya sa yaron ya kwashe tsohon cikin kafin ya wanke.
Bayan magariba ya zo, ga janareta yana gunaguni,
muka yi ta tono har muka ci karo da su,
talatin da bakwai, a cakuɗe:
"haya", "haya sabo", "haya sabo na gaskiya",
da wani mai suna "kar a taɓa".
Nafi'u ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sai ya buɗe saiti, ya ɗora yatsa kan wani layi.
"Nan ake rubuta mata adireshi.
Inda ka ce, nan za ta ajiye,
inda ta ajiye, nan za ta nema.
Ba ɓata suka yi ba, gida aka sauya ba a sanar da ita ba."

Muka gina musu ɗaki guda a bakin hanya,
muka raɗa wa kowa suna ɗaya tak.
Ya ce in adana su a matsayin samfuri, ba takardar yau da kullum ba,
kada sunan wani ya sake kwana a rantsuwar wani,
kamar yadda na taɓa mayar da Mudi ɗan shekara saba'in.
Kwafi ɗaya a filas,
na ɗaure shi da makullin shago.

Ɗaya ne bai fito ba:
wasiƙar ta'aziyya da maigidana, Malam Hadi, ya tsara
a shekarar da ya fara zaunar da ni gaban madannai.
Nafi'u ya tafi, titi ya yi shiru,
na buɗe farar takarda.
Yatsun suka fara tun kafin in tuna.